Giya ta Uku Tana Zamewa: Kundin Binciken Motar Kayana

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne saboda na lura ina mantawa. Yau in ce matsalar da safe ta fi yawa, gobe in rantse da rana take yi, kuma ba a gano ciwon giya da irin wannan. Daga yau duk abin da na gani, ko na auna, ko na taɓa, zan rubuta shi da ranarsa.

Motar bas ce ta ɗaukar kaya, mai rufaffen baya, ƙirar 2004, injin fetur, tayoyin baya ke ja. Giyarta otomatik ce mai hawa huɗu, kwamfuta ke sarrafa ta. Agogo yana kan kilomita 287,400. Shekara uku ke nan tana hannuna, da ita nake sana'a. Ban taɓa canza mata man giya ba, wanda na saya a hannunsa ma bai faɗa mini ranar da ya canza ba.

Ga yadda take yi. Tashi daga tsaye lafiya lau, ta ɗaya zuwa ta biyu ma ba laifi. Amma in ta zo shiga ta uku, wajen gudun kilomita 50 a awa, sai inji ya yi kuka sama, kamar an taka kuloci a motar hannu ba a ɗaga ƙafa daga totur ba. Allurar juyin inji ta tashi daga 2,600 ta haura 3,000, motar kuwa ko kaɗan ba ta ƙara gudu ba. Bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu sai ta cafke da ɗan fizga. Da sanyin safiya ba ta yi. Sai an yi tafiyar minti ashirin ta ɗauki zafi, musamman da kaya a baya ko a hawan tudu. Wata biyu da suka wuce sau ɗaya take yi a mako, yanzu kusan kullum.

Mutum biyu sun ji ta, duka biyun suka ce a sauke giyabos a ɗora wani. Wataƙila can za a ƙare. Sai dai a cikinsu babu wanda ya zaro sandar mai ya duba, balle ya ɗaura geji. In aka cire inji, babu aiki mai tsada a motar nan kamar sauke giya, kuma wanda za a sayo na hannu ne, babu mai ba ni tarihinsa. Ina so in san abin da ya lalace kafin in biya kuɗin gyaransa.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Da mai na fara. Ba kamar man inji ake duba shi ba a wannan motar. Sai ta yi zafi, a tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, inji yana aiki, a taka birki a bi da liba ta kowane harafi ana ɗan dakatawa, a dawo P, wato fakin, sannan a zaro sanda.

Bakin sandar kawai ya jiƙa, bai ko kai layin ƙasa ba. Na ɗiga shi a farar takarda. Sabon mai ja ne garau, wannan ya koma ruwan ƙasa mai duhu, haske dai yana ratsa shi, da ɗan ƙauri in an kai hanci. Ba baƙi ƙirin ba ne, kuma bai yi kauri da launin hoda irin na man da ruwa ya shiga ba. Wannan na biyun na fi tsoro. Bututun da ke sanyaya man giya cikin tankin lagireto yake, in ya fashe ruwa ya shiga giya, fatar kuloci, wato fatar da ke kan faifan da ke kama giya a ciki, saɓulewa take yi daga jikin faifai, kuma daga nan babu sauran maganar gyara daga waje.

Giya ba ta ƙona mai yadda inji ke yi. In ya ragu to wani wuri ya bi, ruwa ba ya tsami banza. Na shiga ƙarƙashi da tocila. Gefen kasko, wato murfin ƙasan giya da mai ke taruwa a ciki, a bushe, sil ɗin baya inda farfela ke shiga ɗan danshi kawai. A gaba na samu. Ɗaya daga tiyo biyun da ke kai mai lagireto ya tsattsage a bakin maɗauri, ƙura ta manne a kai ta yi danƙo. Ba ya ɗiga in mota a kashe take, sai famfo na turawa, shi ya sa ban taɓa ganin tabo a inda nake ajiye ta ba.

Na sayo tiyo rabin mita irin na man giya, ba na ruwa ba, da maɗauri huɗu, da mai lita biyu irin wanda aka rubuta a jikin sandar.

Talata, 8 ga Oktoba

Jiya na yi kuskure, yau na ɗanɗana kuɗata.

Da yamma na canza tiyon, duhu ya kusa, ina sauri. Minti biyar kawai inji ya yi yana aiki na fara zuba mai, na yi ta zubawa har ya kai layin sama na zafi. Ya ci kusan lita biyun duka. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne man giya kumbura yake yi in ya yi zafi, shi ya sa sandar take da layin sanyi daban da na zafi. Na cika man sanyi zuwa layin zafi ke nan.

Yau bayan rabin awa a babbar hanya sai komai ya rikice. Ba ta uku kaɗai ba, har ta biyu ta fara jinkiri, na tsaya a mahaɗa na taka totur ta yi kamar ba ta ji ba, sannan ta zabura. Wari ya shigo, na hango hayaƙi ta madubi. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan na ƙarasa ta da hannuna. Na gangara gefe na kashe. Mai ne ya yi ambaliya ta bututun numfashi na saman giya yana zuba kan salansa. Na zaro sanda, kumfa ce tun daga baki har yatsu uku sama da layi.

In mai ya yi yawa, ƙarafan da ke juyawa a ciki suna taɓa shi su kaɗa shi ya yi kumfa. Kumfa iska ce, iska kuwa matsuwa take yi, ba ta tura fistin kuloci yadda mai ke turawa. Wato yawan mai da ƙarancinsa alama ɗaya suke bayarwa.

Na jira awa ɗaya, na zura siririn tiyo ta bututun sanda, na zuƙo da babban sirinji har mililita 700. Na tayar, na yi tafiyar minti ashirin a hankali, na sake aunawa: tsakiyar layin zafi. Tsakanin layin ƙasa da na sama bai wuce rabin lita ba, don haka daga yanzu kwata-kwatan lita zan riƙa zubawa ina dubawa. Aikin yini guda ya tafi.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Mai daidai, tiyo a bushe. Zamewar ta ragu amma tana nan: sau uku yau, duka a shiga ta uku, duka da zafi. Tsugune ba ta ƙare ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na aro na'urar karanta kwamfutar mota, irin wadda ke shiga ɓangaren giya ta nuna alƙaluma mota tana tafiya. Ƙananan nan masu arha lambobin inji kawai suke gani. An soka ta a soket ɗin OBD-II da ke ƙarƙashin sitiyari. Lamba biyu ta fito da su. P0700 ba ta faɗin komai sai cewa kwamfutar giya tana da ƙorafi. P0733 ita ce maganar: lissafin giya ta uku bai fita daidai ba. Babu lambar solenoyid, wato bawul ɗin wuta da kwamfuta ke canza giya da shi, babu P0741 ta makullin konbata, wato abin da ke kai ƙarfin inji cikin giya ta hanyar mai, babu P0300 ta inji mai tsallake wuta.

Lamba ba ta nuna abin da ya lalace, abin da kwamfuta ta gani kawai take faɗa. Sensa mai ƙarya ma tana iya haifar da P0733. Saboda haka na ɗauki ƙanena ya riƙe na'urar ni ina tuƙi, muka sa lambobi huɗu a fuska: juyin inji, juyin sandar da ke shiga giya bayan konbata, juyin sandar da ke fita zuwa farfela, da zafin mai.

Waɗannan ukun na farko su ne suka raba mini gardama. Abin da direba ke kira zamewa yana iya fitowa daga wuri uku. In inji ne ke tsallake wuta, juyinsa rawa zai yi ko ya faɗi, ba tashi zai yi ba. In konbata ce, inji zai gudu ya bar sandar shiga a baya. In kuwa kulocin cikin giya ne, inji da sandar shiga tare za su gudu su bar sandar fita. Ta uku a wannan giyar ɗaya-da-ɗaya ce, wato in ta kama sosai dole juyin shiga da na fita su zama lamba ɗaya.

Muna kan kilomita 50, a ta biyu: inji 2,600, shiga 2,450, fita 1,630. Da mai yana digiri 60, tana canzawa sai shiga ya sauko 1,630 cikin ƙiftawar ido. Muka ci gaba da zagaye har mai ya kai 96. Na taka a wani ɗan tudu, inji ya yi kukan nan.

"Yaya, ta shiga ce ta gudu," in ji shi. "Ta kai 2,950. Ta fita ba ta motsa ba."

Muka maimaita sau biyar, sau huɗu ta yi. Allurar juyin inji da kunnena duk sun yarda da sensar, don haka ba ƙarya take yi ba. Wani abin da ban taɓa ji da jikina ba sai a na'ura: ko bayan ta kama, in na danne totur a hawa, shiga yana fin fita da juyi 80 zuwa 150. Wato tana zamewa a ɓoye, kuma kowace zamewa fatar kuloci take ci. A tudu mafi tsawo mai ya kai digiri 108.

Konbata ta wanke kanta. A ta huɗu, kilomita 90, ƙafa sama-sama, makulli ya kama: inji 2,060, shiga 2,050.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na rage kaya zuwa rabi. In ta kusa shiga ta uku ina ɗan ɗaga ƙafa har ta kama, sannan in mayar. Da haka yau ba ta yi ko sau ɗaya ba. Na ba da odar filta da gasket na kasko. An nuna mini wata kwalba da ake zubawa a giya wai tana hana zamewa, na ƙi. Kaurara mai take yi ta kumbura robobi, alamar ta ɓuya ciwon yana nan, ni kuma alamar nake bi.

Asabar, 19 ga Oktoba

An sauke kasko. Na ɗaga motar na sa ta kan matokarai huɗu, ba na shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. Kaskon ba shi da kusar zubarwa, sai na sassauta kusoshin gaba na cire na baya, ya karkata man ya gangaro cikin roba. Lita huɗu da kaɗan ya fito. Giyar tana cin sama da lita goma, sauran yana cikin konbata da bututai, ba ya fitowa ta nan.

Abin da ke ƙasan kasko na fi ɗokin gani. Mayen ƙarfen da ke cikin kaskon ya yi gashi da toka-tokar laka mai laushi, na murza tsakanin yatsu ban ji tsini ba. Wannan cin shekaru ne, kowace giya tana yi. Babu ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, babu rawayan garin tagulla da zai nuna bushi ya cinye. Amma a kwanar baya akwai baƙin gari kamar na gawayi, ya kai cikin ƙaramin cokali. Fatar kuloci ke nan. Bai kai yawan da zan ce faifan sun ƙare ba, amma ya isa ya tabbatar da abin da na'ura ta nuna. Na kwashe shi a leda na rubuta kwanan wata, don in gwada da na gaba.

Na fasa tsohuwar filtar da guduma. Ta yi baƙi, ba ta toshe ba.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa in giya ta tsufa kada a canza mata mai, wai sabon mai ne ke kashe ta. Ban yarda ba. Yawanci sai giya ta fara ciwo ake tunawa da mai, in ta mutu bayan wata ɗaya sai a ɗora wa man laifi. Abin da na ƙi shi ne wanke ta da injin turawa, kada ya tayar da dattin da ya kwanta ya kai shi gidan bawul, inda ake rarraba mai zuwa kowane kuloci.

Na sa sabuwar filta, na ɗaure kasko a gicciye da sifana mai awo, Nm 11, na zuba lita huɗu. Dare ya yi, gwaji sai gobe.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Yau ce rana mafi muni tun da na fara.

Na tayar da safe, sai wani siririn kuka daga wajen konbata, yana hawa da sauka tare da totur. Na sa D, ta tafiya gaba, shiru. Na ƙirga har takwas kafin ta kama. Na sa R, wato ribas, haka. Jiya kafin in taɓa ta daƙiƙa ɗaya take ɗauka. Na zaro sanda, ƙananan kumfa jere a jikinta, alhali man bai wuce layi ba, ƙasa ma yake kaɗan. Na ƙara kwata, babu canji. Na zauna a bakin ƙofar motar jikina a sanyaye, maganar nan ta sabon mai da na ƙaryata jiya tana ta dawo mini.

Da na natsu sai na tambayi kaina me na taɓa jiya. Abu uku ne: kasko, mai, filta. Kasko ba ya yoyo. Man irin wanda na zuba mako biyu da suka wuce ne. Kukan kuwa kukan famfo ne mai jan iska, kuma hanya ɗaya ce tsakanin famfo da mai, wato wuyan filta.

Na kashe nan take, domin famfo mai jan iska cin kansa yake yi. Na wanke roba tas na tari man, na sake sauke kasko. Ina taɓa filtar ta motsa a hannuna. Na haska ramin da wuyanta ke shiga, ga tsohon zoben roba can ciki ya maƙale, baƙi, ya taurare kamar ƙashi, launinsa ya saje da ramin. Jiya da na zare tsohuwar filta bai biyo ta ba, ni kuma ban leƙa ba. Sabuwar ta zo da nata zoben, na tura shi a kan tsohon, ya naɗe ya tsage a gefe. Ta wannan tsagar famfo ke shan iska.

Fitar da tsohon ya ci minti arba'in. Ramin alminiyom ne, in sukudireba ta karce shi yoyon ya zama na dindindin. Da ɗan ƙugiya na lanƙwasa gefensa ciki a hankali har ya saki. Zoben kaɗai ba a sayar da shi, sai da filta, don haka na sayi filta ta biyu da gasket na biyu. Na shafa wa zoben mai, na tura har na ji ta zauna daram. Man da na tara na tace da kyalle mai tsabta na mayar, na cika da sabo rabin lita.

Kukan ya ɗauke cikin daƙiƙa goma. D tana kamawa a daƙiƙa ɗaya, R a ɗaya da rabi. Alhamdulillahi.

Laraba, 23 ga Oktoba

Canjin ta ɗaya zuwa ta biyu ya fi da laushi. Ta uku tana nan yadda take. Mai da filta sun fita daga zargi.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na kai ta wurin wani dattijon bakanike da ya daɗe yana buɗe giyar otomatik, shi ke da gejin awon ƙarfin mai mai kai psi 300, psi kuwa ma'aunin matsi ne. Na ba shi kundin nan ya karanta tun daga farko, bai ce komai ba sai da ya kai ƙarshe.

"Ɗana, ka yi gwajin tsaye?"

"Ban yi ba, Baba. Tsoro nake ji."

"Da gaskiyarka. Daƙiƙa biyar ne, ko ɗaya kada ka ƙara."

Aka sa weji a tayoyi huɗu, aka ja birkin hannu, ƙafar hagu ta danne birki, aka sa D, aka taka totur har ƙasa. Inji yana hawa ya tsaya a wata lamba, a karanta a saki. Duk ƙarfin injin a wannan lokacin zafi yake zama cikin konbata, shi ya sa ba a daɗewa, kuma sai an bar ta minti ɗaya a N ta huce kafin a sake. Littafin gyaran motar ya ba da 2,100 zuwa 2,400. In ya haura, kuloci na zamewa. In ya gaza, inji ne ba ƙarfi ko konbata. D ta ba da 2,250, R ta ba da 2,280.

Lambar R ɗin ce ta sa Baba ya gyara tsayuwa. A wannan giyar, kamar giyoyi da yawa masu jan baya, kulocin da ke kama ta uku shi ne ke aiki a ribas. Ga shi ya riƙe duk ƙarfin inji a ribas bai zame ba. Na fara murna, ya ce in dakata: a ribas giya tana ƙara ƙarfin mai sosai, faifan da suka fara cinyewa ma suna iya riƙewa a nan. Alama ce mai kyau, ba hujja ba ce.

Sai geji. A tsaye, D ta nuna psi 62 inji na zaune, 170 a cikakken totur. R ta nuna 95 da 255. Duka cikin abin da littafi ya yarda. Ya zuro dogon tiyon gejin ta taga, ya zauna a gefena ya riƙe shi a cinya, muka hau hanya. Da sanyi, ta biyu 110, ta shiga ta uku allura ta ɗan kaɗa ta dawo 108. Da mai ya haura digiri 95, ƙafata a wuri ɗaya: ta biyu 105, tana canzawa allura ta faɗi 70, ta rarrafo ta tsaya 88. A ta huɗu ma ba ta koma ba, domin kulocin yana riƙe har can. Na jawo liba zuwa 2, nan take ta koma 105.

"Famfonka lafiya yake," in ji Baba. "Da shi ne, ko'ina ƙasa za ka gani. Wannan rami ne a hanya ɗaya. Da sanyi man yana da kauri yana toshe shi, in ya yi zafi ya tsinke sai ya gudu. Ribas da ta uku ɗaki ɗaya suke shiga, amma ba ƙofa ɗaya ba."

Ramin yana iya zama a gidan bawul, wanda ake cirewa ta ƙasa giya na jikin mota. Yana iya zama a robar fistin kuloci ko zobban sanda, wanda sai an sauke giya. Iska ce za ta raba.

Laraba, 30 ga Oktoba

Kafin in buɗe, na gama da ɓangaren wuta. Na zare soket ɗin giya, a bushe, babu tsatsa. Solenoyid biyun canji sun ba da om 24 da 25 a mita, daidai da littafi. Sensar totur tana hawa sumul daga ƙasa har sama a na'ura, babu tsalle.

Asabar, 2 ga Nuwamba

A garejin Baba, kasko ya sauka karo na uku. Kusoshin gidan bawul tsawo uku ne, doguwa in ta shiga ramin gajeriya tana iya taɓa abin da ke juyawa a sama. Na zana siffar gidan a kwali na huda, kowace kusa na cire sai in soka ta a gurbinta. Muka sauke shi a kwance, a hankali, saboda ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke zaune a hanyoyin mai. Na ɗauki hoto kafin kowa ya taɓa.

Baba ya rage iskar kwamfuresa zuwa psi 35, ya sa bakin roba a ramin kulocin gaba ya busa. Dum, aka ji daga ciki, ya riƙe. Ya koma ramin kulocin ta uku, na sa kunne a jikin giya ina riƙe numfashi. Dum. Ya ci gaba da dannawa, ɗan huci siriri kawai, wanda ya ce na zobban sanda ne kuma kowace giya tana yi da iska. Ya saki, fistin ya koma da kansa. Sau uku ya yi. Da robar fistin ta fashe, da iska ta yi ta fita fuu ba dum.

Sai muka juya kan gidan bawul a tebur. Akwai wani fistin mai sifirin a ƙarƙashi, akumuleta, aikinsa ya karɓi man farko ya ja da baya don kuloci ya kama da laushi maimakon duka. Na ta biyu sai da Baba ya yi masa dabara ya fito. Na ta uku kuwa yana cire murfi ya zubo a tafin hannunsa. Zoben da ke kewaye da shi ya cinye ya yi lebur da jikin fistin, a wuri ɗaya ma ya rabu, har ana ganin baƙin layi inda mai ya daɗe yana bi. Ramin tsakiya da ke hawa kan fil ya zama kamar ƙwai, na sa fil ɗin na girgiza yana ƙwas-ƙwas. Na bi bangon silindar da farce, ya yi sheƙi amma farce bai maƙale ba. Sifirin lafiya. A wannan giyar man ribas ba ya bi ta wannan fistin, na ta uku ne kaɗai ke bi.

Gani ya kori ji. Mun ba da odar fistin, fil, zobba, da gasket biyun farantin tsakiya. Motar za ta kwana nan.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Kaya sun iso, fistin bai yi ba. Ya fi nawa faɗi da milimita biyu, na wata shekarar ne. Laifina ne rabi, da shekarar mota na yi oda maimakon lambar da ke jikin farantin giya. An mayar, an sake oda da lambar. Mota kwana huɗu ke nan a tsaye.

Abin da ya tafi zuwa yau: tiyo da maɗaurai, filta biyu, gasket ɗin kasko uku, mai lita takwas da wasu shida da ke jira, kayan akumuleta, ladan Baba, da kwanakin aiki shida. Filta ɗaya, gasket ɗaya da yini biyu kuskurena ne ya ci su. Duk da haka ban kai ko kusa da kuɗin sauke giya ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

An haɗa. Sabon fistin sai da na danna shi da babban yatsa ya shiga. Ƙwallayen muka liƙa a gurabensu da man jeli, wanda ke narkewa cikin man giya, ba giris ba. Muka gwada da hoton sau biyu. Wurin ɗorawa Baba ya tsayar da ni ya nuna mini bawul ɗin liba bai shiga fil ɗinsa ba. Da an rufe haka, liba za ta motsa giya ba ta sani ba. Ta ci lita biyar da rabi.

Shigarta ta uku karon farko ta zo da duka, har kayan aiki suka yi ƙara a baya. Baba ya ce kwamfuta ce: wata da watanni tana ƙara ƙarfin mai don ta cike yoyon, ba ta san an toshe ba. Muka goge abin da ta koya da na'ura, muka goge lambobin, muka yi ta tashi da tsayawa da ƙafa sama-sama kusan sau ashirin har ta daidaita. Agogo: 288,900.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Gwaji da cikakken kaya, a tudun nan na ranar 12 ga Oktoba, ƙanena da na'ura, gejin Baba a taga. Mai digiri 99. Ta biyu psi 105, a canji ta sauka 92, ta tsaya 102. Bayan ta kama, bambancin shiga da fita bai wuce juyi 10 ba ko na danne totur.

Da sauran rina a kaba. Sau biyu cikin goma, da ƙafa mai nauyi, shiga ya ɗaga da juyi kamar 100 na rabin daƙiƙa kafin ya sauko. Kunne ba ya ji, na'ura ce ta gani. Baƙin garin nan da ke cikin leda daga jikin faifan ya fito, kuma ba zai koma ba. Faifan sun yi siriri, fistin yana tafiya mai nisa kafin ya matse su. Wata rana sai an buɗe giyar. Abin da nake so yanzu shi ne in san saurin da ranar ke tahowa.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Kilomita 1,050 tun haɗawa. P0733 ba ta dawo ba. Na sauke kasko: mayen ƙarfe da ɗan toka kaɗan, baƙin gari ɗan abin da ya ɓata kan yatsa, na sa a leda ta biyu. Ina zargin ragowar tsohon man konbata ne, awo na gaba zai nuna. Na zuba sabo lita huɗu, a takarda ya fara komawa ja.

Na ba da odar ƙaramin lagireton mai da za a ɗaura a gaba, bayan na cikin tanki, don zafin hawa ya daina haura 100. A tudu da kaya ina kashe ta huɗu tun daga ƙasa don ta daina kai da kawo. Kasko na gaba a 295,000, tare da gwajin na'ura a tudu ɗaya, da kaya iri ɗaya. In ɗagawar ta kai juyi 200, ko leda ta uku ta fi ta biyu nauyi, zan kai wa Baba ita mu sauke tun tana tafiya da ƙafarta.